Faifan da Ke Tsayawa a Fuskar Fadila

A Daura, can bayan tashar mota, akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa wanda mata ke shiga da faifai ƙunshe a gefen mayafi. Gidan Adawiyya ke nan. In ka ce Adawiyya kawai, za a tambaye ka wacce. In ka ce mai bidiyon mata, kowa zai nuna maka ƙofar.

Ba ita ta zaɓi sana'ar ba. 'Yar malamin allo ce, ta gama sakandare, ta auri Suhaibu, wanda ke ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka tun daga Daura har ƙauyukan Baure. Da aka ƙaddamar da shari'a, magidanta suka fara jin nauyin a ce namiji baƙo ya shiga tsakar gidansu da kyamara ranar kamu, matansu da 'ya'yansu ba lulluɓi, sannan ya tafi da hotonsu shago inda samari ke hira. Malamai suka taɓo zancen a wa'azi. Aiki ya ja baya. Suhaibu bai yi gardama da kowa ba. Ya kwaso kwamfutar daga shago ya girke ta a ɗakin matarsa, ya ɗora mata kyamara a hannu.

"Riƙe ta kamar ƙwarya cike da nono," in ji shi. "In kin girgiza, ya zube."

Haka ta koya. Ya koya mata juye kaset a kwamfuta, da yanke inda aka ɗauki ƙasa ko ƙafafun mutane, da buga faifai. Ya koya mata rubutun ƙasan hoto, wanda shi ne abin da matan Daura suka fi so a aikinsa: duk wadda ta bayyana, sunanta ya fito a ƙarƙashinta da farin rubutu, wance ƙanwar uwar amarya, wance aminiyar gida. In ka manta da sunan wata goggo, sai ta yi fushi da gidan bikin har shekara ta zagayo. Suhaibu ya nuna mata cewa rubutun daban yake, hoton daban, kamar mayafi a kan kaya. Ana iya canza shi ba a taɓa hoton ba.

Shi ne kuma ya kafa mata ƙa'idar da ta sa aka yarda da ita. Mace ta ɗauka, mace ta haɗa, kuma ba a barin kwafi. Da zarar an miƙa faifai, sai a shafe kaset ɗin a gaban masu biki, a goge abin da ke cikin kwamfuta. In an dawo da tsohon faifai don a gyara wani suna, sai a buga sabo, tsohon kuma a naɗe shi a tsumma a karya shi a gaban mai shi, a jefa gutsattsarin a murhu. Mazan da suka hana kyamara shiga gidansu, da suka ji wannan tsari, suka sassauto.

Suhaibu ya rasu a hanyar Baure. Yana dawowa daga wata walima a kan mashin, garken shanu ya tsallako titi. Da Adawiyya ta fita takaba ta bincika duk abin da ya bari, ba ta same shi a faifai ko ɗaya ba. Kullum shi ne a bayan kyamara. Akwai dai wani tsohon faifan sauka inda ake jin muryarsa yana cewa, "Ku ɗan matso, ku ɗan matso," shi ke nan. Ta saurara sau ɗaya ta mayar da shi cikin akwati.

Ta ci gaba da aiki, don babu wani abin da ta iya. Tana zuwa biki, ta tsaya a inda haske ya fi kyau, mata na guɗa a kunnenta, ita kuma tana jin guɗar kamar daga wata unguwa take tahowa. In an ba ta abinci ta ci. In an yi mata barkwanci ta yi murmushi a inda ya kamata. Mata suka riƙa yabon ta, wai hannunta ba ya rawa ko kaɗan, ko da amarya na kuka kowa na kuka. Ta ɗauki fuskoki ba iyaka, amma in ta haɗu da masu su a asibiti ko a gidan gaisuwa, sai sun tuna mata.

Wata tsohuwa ce ta fara kawo abin da ya zama al'ada. Ta zo da faifan bikin jikarta ta ce yayarta da ke ciki ta rasu, kuma ba ta jin daɗin ganin ta tana rawa da sunanta tsirara haka. A ƙara mata addu'a a ƙasa. Adawiyya ta juye faifan a kwamfuta, ta nemo sunan, ta ƙara layi: Allah ya jiƙanta da rahama. Kafin wani lokaci zancen ya bazu. Duk gidan da aka yi rashi, bayan an share makoki, sai a ga wata ta taho da faifai a gefen mayafi. Aikin ba wuya. Ba ta ma buƙatar kallon hoton. Ta nemo sunan, ta ɗora addu'ar a daidai lokacin da sunan ke fitowa, ta buga sabo, ta kunna farkonsa a ga yana yi, ta karya tsohon.

Haka Barakatu ta zo mata daga Sandamu, bayan an gama girbin gero. Doguwar mace ce mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, hannunta duk kanta. Ta zauna a bakin tabarma, ta kwance ƙullin mayafinta a hankali.

"Bikin Hussaina ne, 'yar wana. Ke kika ɗauka."

"To, Inna."

"Akwai 'yata a ciki, Fadila. Damina ta tafi da ita. Zazzaɓi."

"Allah ya jiƙanta. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin. An ce sau ɗaya ta fito, tana ɗauke da tire. Ni ban lura ba lokacin da aka kalla, hayaniya ta yi yawa. Matar wana ce ta tuna, ta ce in riƙe shi, ya fi mini amfani." Ta tura faifan gaba da yatsa. "Tun da ta ba ni ban kalla ba tukuna. Na ce ba zan kalle ta ba sai da addu'a a ƙarƙashinta."

Adawiyya ta tambaya ko akwai wani kwafin a dangi, don haka take tambayar kowa. Barakatu ta ce na amarya ya tafi Damagaram, yara sun yi wasa da shi ya mutu. Wannan ne ya rage. Hoton Fadila kuwa, sai ɗan ƙaramin da aka ɗauka don jarrabawa, wanda hatimin makaranta ya cinye rabin haɓarsa.

An kawo wuta da hantsi, aikin bai ɗauki lokaci ba. Adawiyya ta nemo "Fadila, ƙanwar amarya", ta ɗora addu'ar, ta buga sabon faifai. Ta sa shi a na'urar dibidi, farkon ya fito tas, ga ƙofar gidan biki, ga tukwane a kan wuta. Barakatu ta kawar da kai ta ce ya isa, a gida za ta kalla. Adawiyya ta goge na kwamfuta. Ta naɗe tsohon a tsumma, ta karya shi a gwiwarta, ƙas, ta fita ta zuba a murhu. Warin roba ya tashi ya wuce.

Ba a yi mako ba Barakatu ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a daidai inda ta zauna da farko.

"'Yar nan, tana tsayawa."

"Wa, Inna?"

"Fadila. Da ta fito sai ta tsaya. Ba ta gaba, ba ta baya."

Adawiyya ta sa faifan, ta tura shi gaba har wajen rabon abinci. Mata na kai da kawo, sunaye na fitowa suna ɓacewa. Sai ga wata siririyar yarinya da ɗaurin ɗankwali ya zame mata baya, ɗauke da tiren waina. Ta juyo ta kalli kyamara. Farin rubutu ya fara fitowa a ƙasa. Nan komai ya tsaya cak. Sauti ya ɗauke. Yarinyar na kallon su, bakinta a ɗan buɗe, kamar za ta ce wani abu. Na'urar na ta ƙugi a ciki, tana neman hanya ba ta samu.

Suka zauna suna kallon ta. Adawiyya ta danna gaba, bai yi ba. Ta danna baya, bai yi ba. Sai da ta zare waya daga bango.

"A gidan maƙwabta nake kallo," in ji Barakatu. "Haka nake zama a gabanta har a ɗauke wuta. Tsohon fa?"

"Inna, a gabanki na…"

"Na sani. Na gani. Na dai tambaya ne."

Adawiyya ta nemi abin da ya kamata ta ji a ƙirjinta, ba ta same shi ba. Abin da ta sani kawai, kamar yadda ake sanin lissafi, shi ne: duk duniya babu inda Fadila ke motsi sai cikin wannan faifan, kuma ita da hannunta ta karya wanda ke wucewa. Ta ce a bar mata shi. Barakatu ta ɗan jima tana kallon faifan kafin ta miƙe. Ta ce za ta dawo ranar Juma'a, in ta kawo mai.

Adawiyya ta fara da abin da kowa ke farawa da shi. Ta ɗaga faifan a hasken taga, babu ƙarzuwa ko ɗaya. Duk da haka ta goge shi da tsohon ɗankwali mai laushi, daga tsakiya zuwa baki yadda Suhaibu ke yi. Ya tsaya a fuskar Fadila. Ta buɗe na'urar ta share idonta da auduga. Ya tsaya a fuskar Fadila. Ta sa shi a kwamfuta, ita ma da ta kai wurin sai ta daskare, sai da aka kashe ta aka kunna. Ta juye shi gaba ɗaya ta buga wani a hankali, da mafi ƙarancin gudu, ko sauri ne ya ɓata na farko. Sabon ma ya tafi lafiya lau har wajen tiren waina, ya tsaya. Ta ce ko faya-fayan da ta saya ne marasa kyau, ta fito da ragowar masu tsada da Suhaibu ya sayo a Kano, waɗanda take ta adanawa ba ta san don me ba. Duk ɗaya.

In an ɗauke wuta ta zauna. In an kawo ta tashi. Fuskar yarinyar ta zama kamar kalandar da ke bango. Ta san inda kwalli ya ɗan zarce a idonta na hagu, ta san wainar da ta kusa faɗowa daga bakin tire. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar bikin, ita ce fa ke riƙe da kyamarar, yarinyar ita take kallo. Babu abin da ya zo.

Akwai mutum ɗaya da zai iya sani, Dabo, abokin Suhaibu, mai shagon faifai a bakin kasuwa. Ta aika a kira shi. Ya tsaya a zaure, ita tana daga ciki bayan labule, suka gaisa, ya tambayi haƙuri kamar yadda yake yi duk shekara. Ta yi masa bayani.

"Kawo in gani mana," in ji shi.

"Na mata ne, Malam Dabo."

"Ni wurin kawai zan duba. Zan rufe ido ɗaya."

"Ko ka rufe biyu."

Ya yi dariya kaɗan, ya ce ita da marigayi duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Sannan ya yi tambayoyinsa: ta gwada wata na'urar? Ta gwada wani faifan? Wuri ɗaya yake tsayawa kullum? Da ta amsa duka, ya ce:

"In kwafi ma yana tsayawa a wurin, to a hoton abin yake. Wataƙila wuta ta yi rawa lokacin da kike juyewa. In ya shiga hoto kuwa, ya shiga. Sai dai a yanke wurin a jefar, sauran ya tafi. Ina na asalin?"

Ta ce ya tafi murhu. Ya gane, ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalmansa.

A yanke wurin a jefar. Ta koma ɗaki ta zauna a gaban talabijin. Wurin da za a yanke shi ne kaɗai abin da aka zo nema.

A haka Talatu ta same ta ranar Alhamis. Talatu maƙwabciyarta ce, mai kitso, wadda ba ta shiga gida da sallama ɗaya sai ta haɗa da labari. Ta zo aron dutsen guga.

"Uwar faifai, lafiya? Kin zuba wa talabijin ido kamar akuya za ta haihu a ciki." Ta leƙa. "Wace ce wannan? Kyakkyawa da ita."

"'Yar Sandamu ce. Ta rasu."

"Allahu akbar. Ai na gani, tunda ga shi ta tsaya."

Adawiyya ta juyo. "Me kika ce?"

"Na ce ta tsaya. Ba haka kike yi musu ba? Namu ma ai haka yake. Da an zo kan Goggo Hadijatu sai ya tsaya cak."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika sa mata addu'ar mana. Ke da aikinki kina tambaya ta?" Talatu ta zauna a hannun kujera. "Mu mun ɗauka da gangan kika yi, don a samu a yi musu fatiha. In ya tsaya sai mu karanta ƙulhuwallahu, mu kashe, mu kunna, mu tsallake wurin. Na gidan liman ma haka, na gidan mai unguwa ma haka. Har ana cewa kin iya aiki, wai ko na Kano ba su kai nan ba. Goggo Hadijatu da ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba tana da rai, kullum tana gidan wani tana rabon faɗa, ga shi kin tsayar da ita."

"Ba da gangan ba ne."

"To, kada ki faɗa wa kowa. Ina dutsen gugar?"

Da Talatu ta fita, Adawiyya ta shiga lissafi. Ashe duk faifan da ta sa wa addu'a tsayawa yake yi. Ba wanda ya dawo ya yi ƙorafi, don su suna da matattunsu a wasu wuraren cikin faifan, suna zaune, suna rawa, suna cin abinci. Barakatu ce kaɗai ba ta da wani wurin.

Ba hoton ba ne ke nan. Wuta ba za ta riƙa rawa a kan matattu kaɗai ba.

Ta ɗauko rimot ɗin na'urar, wanda rubutun madannansa ya goge tun zamanin Suhaibu. Akwai wani ƙaramin madanni a ƙasa da ya taɓa nuna mata, mai ɓoye rubutu. Ba ta taɓa amfani da shi ba, don wa zai so a ɓoye sunaye? Ta kunna faifan daga farko, ta danna shi. Sunayen suka ɓace, mata suka ci gaba da wucewa ba suna. Ta rage sautin har ƙasa, don ta ga ba ita ya kamata ta fara ji ba. Ta tura zuwa rabon abinci.

Yarinyar ta juyo ta kalli kyamara. Wainar da ke bakin tire ta faɗi ƙasa.

Adawiyya ta bar shi ya wuce, har yarinyar ta fita daga hoton, har aka kai amarya, har ƙarshe. Wannan karon ba ta tsaya a farko ba.

Sauran aikin na haƙuri ne kawai. Ta buɗe rubutun a kwamfuta, ta duba wurin da kyau, abin da ba ta taɓa yi ba. Sunan yana da lokacin shigarsa da na fitarsa. Addu'ar da ta ƙara ita ma tana da nata, kuma ta ɗora ta ne a kan lokacin sunan daidai, biyu a wuri ɗaya. Na'urar rubutu ɗaya take iya ɗauka a lokaci guda. In an miƙo mata biyu tare, sai ta rasa wanda za ta karɓa, ta tsaya da komai. Ta goge addu'ar daga inda take, ta shigar da ita cikin rubutun sunan, suka zama abu ɗaya mai layi biyu. Ta buga a faifan Kano na ƙarshe. Ta kalla da rubutu a buɗe, ya wuce. Ta kai gidan Talatu ta gwada a tasu na'urar, ya wuce.

"Namu dai kada ki taɓa shi," in ji Talatu, tana tsaga kan wata mata da tsinke. "Mun saba."

Barakatu ta zo ranar Juma'a da hantsi, da warin man gyaɗa a mayafinta. Ta kawo ƙuli-ƙuli a leda ta ajiye a bakin ƙofa ba ta ce komai a kai ba. Ba wuta, suka zauna jira. Adawiyya ta yi mata bayanin abin da ya faru, cewa laifin rubutun ne, kuma laifinta ne. Barakatu ta ce to. Ta tambaya ko ana samun ruwan famfo a unguwar. Adawiyya ta ce wani lokaci. Aka kawo wuta kafin azahar.

Adawiyya ta tura faifan zuwa wurin, ta ƙara sauti, ta koma gefe.

Hayaniyar biki ta cika ɗakin, ƙarar kwanuka, wata na neman ludayi. Yarinyar ta shigo da tiren waina. Ta juyo. Rubutu ya fito: Fadila, ƙanwar amarya. Allah ya jiƙanta da rahama. Waina ɗaya ta faɗi. Fadila ta kalli wainar, ta kalli kyamara, ta fashe da dariya, tana ƙoƙarin ɓoye fuska a bayan kafaɗarta.

"Kai, Anti, don Allah kada ki ɗauke ni, ko wanka ban yi ba!"

Sai wata murya daga wajen hoton, mai kaifi, ta mace mai aiki a gabanta: "Fadila! Tsayuwar me kike yi? Mutane na jira!"

"Ga ni nan, Inna!"

Ta juya ta tafi. Bayanta ya shige tsakanin wasu mata biyu masu shuɗin anko. Rubutun ya ɓace, na wata ya fito.

Faifan ya ci gaba, ana ta rabon abinci.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Mayar."

Ta mayar. Suka sake kallo. Wainar ta faɗi, dariyar, muryar, bayan yarinyar. Barakatu ta ce a sake. A karo na gaba ba ta kalli hoton ba, ta sunkuyar da kai tana saurare.

"Ni ce na kira ta," ta ce.

Adawiyya ta ce, "Biki ne, Inna. Kowa na kiran kowa."

"Haka ne. Wainar ma ta huce a ranar, an yi ta mita."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta, ta ce za ta kama hanya kafin motocin Sandamu su cika da masu dawowa daga masallaci. Adawiyya ta fitar da sabon faifan ta sa a jakarsa. Kwafin gwajin da ta bubbuga duk ta riga ta ƙone su. Saura ɗaya, wanda Barakatu ta kawo, mai tsayawa. Ta goge na kwamfuta a gabanta, ta ɗauko tsumman, ta naɗe shi, ta ɗora a gwiwa.

"Bar shi."

"Inna, wannan ai shi ne mai matsalar."

"Na sani."

"Ba ya wucewa. In kin sa shi, nan zai tsaya."

"Na sani, 'yar nan." Barakatu ta miƙo hannu. "A wannan ban kira ta ba tukuna."

Tun da Suhaibu ya kafa ƙa'idar, tsohon faifai bai taɓa fita daga ɗakin nan da rai ba. Adawiyya ta kalli tsumman a gwiwarta. Ta warware shi. Ta ɗauko alƙalamin rubutu a kan faifai, ta yi ɗan ɗigo a kan mai tsayawar don a iya bambancewa, ta haɗa su biyun ta miƙa. Barakatu ta ƙulle su a gefen mayafi, ƙulli biyu, ta ja da haƙori.

Adawiyya ta raka ta har zaure. Da ta dawo, talabijin na nan a kunne, shuɗi fetal, ba komai a ciki. Ta buɗe akwati ta ciro tsohon faifan saukar nan, ta juya shi a hannu. Babu fuskar da za a sa wa rubutu a ƙasa, balle ta tsaya. Ta sa shi duk da haka. Yara sanye da fararen kaya suka fito a jere, riƙe da alluna, suna kallon wanda ke bayan kyamara.

"Ku ɗan matso," in ji shi. "Ku ɗan matso."

Ta ɗauko ƙuli-ƙulin da aka bar mata, ta gutsura ɗaya. Akwai gishiri. Ta zauna tana tauna, yaran na matsowa.